Sabon Hedifon, Tsohon Kunne

Duk wanda ya taɓa leƙa zaurukan masu ƙwaƙƙwafin sauti, mutanen da ke iya kashe kuɗin babur sukutum a kan abin da za su ɗora a kunne, ya ci karo da wata shawara da ba ta tsufa. Suna cewa kada a yanke wa sabon hedifon hukunci ranar da aka fito da shi daga kwali. A jona shi, a sakar masa kiɗa ko shuuu irin na rediyon da ya rasa tasha, a bar shi cikin aljihun tebur awa 100, wasu ma su ce 300, har tantanin da ke kaɗawa a cikinsa ya saki jiki. A nan ne, in ji su, muryarsa ta gaskiya za ta fito. Sukan kwatanta shi da sabon takalmin fata, ko sabon babur da ake lallaɓawa a kilomitocinsa na farko.

Shawarar ta iso jami'o'in ƙasar nan tare da kayan da ake yi dominta, kuma da ta tsaya ga masu jin waƙa kawai da ba ta cancanci shafi a wannan mujalla ba. Amma akwai wasu masu sayen hedifon da lamarin ya fi shafa: ɗalibin da ya dawo daga Adar ko Gobir da awa 20 na hira da tsofaffi, wanda zai zauna wata uku yana mayar da kowace gaɓa rubutu, kuma kundinsa na mastar zai tsaya ko ya faɗi a kan abin da kunnensa ya ce ya ji. Irin wannan ɗalibi in ya tara kuɗin tallafin karatunsa ya sayi hedifon na kirki, ya yi dabara. Tambayar ita ce yadda zai ci moriyarsa, kuma amsar da kasuwa ke ba shi ta juye abubuwa ƙasa a sama. Abin da take kambamawa, wato kwanan aljihun tebur da wayoyi masu ruwan zinariya da fayiloli masu manyan lambobi, shi ne mafi ƙarancin tasiri. Abin da ba ta ambata, wato yadda aka ɗauki maganar tun farko da yadda abin ya zauna a kai da ƙarfin da aka buɗe shi, shi ke yanke hukunci.

A fara da batun awa 100 ɗin, domin a cikinsa akwai darasin da ɗan kimiyyar harshe ya fi kowa kayan fahimtarsa. Ba ƙarya ce tsagwaronta ba: tantanin hedifon abu ne mai motsi, kuma duk abin da ke motsi yana ɗan sauyawa da amfani. Sai dai waɗanda suka ɗora sababbin hedifon a kan na'urar awo suka bi su kwana da kwanaki sun tarar da sauyin ƙanƙane ne ƙwarai, sau da yawa bai kai sauyin da ake samu idan aka cire hedifon daga kai aka sake ɗora shi ba. Gusawar da ba ta kai faɗin ɗan yatsa ba, gaba ko baya a kan kunne, tana canza manyan sautuka fiye da yadda kwana huɗu na kiɗa ke yi. Abin da ke sauyawa a zahiri cikin makonnin farko shi ne matashin da ke kewaye kunne, wanda ke lotsawa ya ɗauki siffar kan mai shi, kuma wannan ba ya faruwa a aljihun tebur, sai a kai.

To me ya sa dubban mutane masu gaskiya ke rantsuwa cewa sun ji bambanci? Domin sun ji shi. Wurin da ya faru ne suka yi kuskuren nunawa. Kunne da ƙwaƙwalwa ba ma'auni ba ne da ke tsaye wuri guda, suna gyara kansu bisa abin da ake shayar da su. Bahaushen Damagaram da ya sauka Tawa, a kwanakin farko duk "hwari" da "tahi" da "zamna" sai sun soke shi a kunne. Bayan mako biyu ba ya ma lura da su, alhali mutanen Tawa ba su canza furucinsu saboda baƙo ba. Haka mai sabon hedifon: ranar farko yana auna shi da tsohon da ya saba da shi, sai ya ji shi da kaifi ko da ƙarancin nauyi, bayan mako biyu sabon ya zama ma'aunin, tsohon kuma in ya koma gare shi sai ya ji kamar an toshe shi da auduga. Ƙari a kan haka, ƙwaƙwalwa ba ta riƙe ainihin launin sauti fiye da ƴan sakanni. Wanda ya ce sautin yau ya fi na ranar Talatar da ta wuce yana kwatanta abin da yake ji da labarin da ya ba kansa game da abin da ya ji.

Wannan ba sabon zance ba ne a ajin ilimin furuci. A 1970 Richard Warren ya yanke wani baƙi daga tsakiyar wata kalmar Ingilishi ya maye gurbinsa da tari, ya kunna wa mutane. Kusan dukkansu suka ce sun ji kalmar cikakkiya, har suka kasa nuna inda tarin ya faɗo. A 1981 Robert Remez da abokan aikinsa suka rage jimla zuwa fito guda uku masu hawa da sauka. Waɗanda ba a gaya musu komai ba suka ji kukan na'ura ko na tsuntsu; waɗanda aka ce musu magana ce suka fara rubuta kalmomi. Sautin ɗaya ne, tsammani ne ya bambanta. Janet Werker da Richard Tees kuma a 1984 sun nuna cewa jariran gidajen masu Ingilishi ƴan wata 6 zuwa 8 suna rarrabe wasu tunzuɗau biyu na harshen Nthlakampx na yammacin Kanada, amma kafin su cika shekara yawancinsu sun daina. Kunnen da ke iya zubar da bambanci tun kafin mai shi ya fara tafiya, kuma yake iya ƙirƙiro baƙin da babu shi, ba abin mamaki ba ne ya gano "buɗewar sauti" a cikin kayan da mai shi ya biya jaka ɗari da wani abu kuma aka yi masa alkawarin za su buɗe. Mai mugun zato zai iya ƙarawa da cewa shawarar jira tana yi wa mai sayarwa daɗi, tunda wanda ke jira ba ya mayar da kaya.

Saboda haka awa 100 ɗin suna da amfani, da sharaɗin a yi su da hedifon a kai. Hanya mafi sauƙi ita ce ɗalibi ya ɗauki muryar wani da ya san ta sarai, cikin ɗaki shiru, yana furta kalmomin da ake koyarwa a shekarar farko: kafa da ƙafa, daka da ɗaka, saka da tsaka, gari na mutane da gari na tuwo, kuka na ido da kuka ta miya. Ya saurare su da sabon hedifon, ya saurare su da tsohon, a jere ba tare da tazara ba, yana kallon hotonsu a Praat. Cikin ƴan kwanaki zai san halin kayansa: inda suke ƙari, inda suke ragi. Sanin wannan hali ya fi kowane sauyi da tantani zai yi.

Daga nan sai tambayar da kasuwa ba ta yi: wane yanki na sauti ne Hausa ke buƙata? Kunnen matashi mai lafiya yana ji daga kaɗawa 20 zuwa kusan 20,000 a sakan, abin da ake rubutawa Hz. Karin sauti, wanda mutum zai zaci shi ne mafi laushi, shi ne mafi taurin rai. Muryar namiji takan kaɗa tsakanin 85 da 180 Hz, ta mace tsakanin 165 da 255, layin tarho na gargajiya kuwa yana wuce 300 zuwa 3,400 Hz kawai. Ke nan tushen muryar ba ya ma shiga wayar. Duk da haka babu Bahaushen da ya taɓa rikita wuya na jiki da wuya ta wahala a tarho, domin ƙwaƙwalwa tana lissafo tushen daga ninke-ninkensa da ke sama. Mai nazarin karin sauti zai iya aikinsa da kusan kowane hedifon. Tsawon wasali ma haka, tunda lokaci ne, kuma lokaci ba ya buƙatar tsada.

Wahalar tana wajen baƙaƙe. Ƙarfin zuzau /s/ yana can sama da 4,000 Hz, na /sh/ yana ɗan ƙasa da haka, kuma a wannan yanki ne ake rarrabe /ts/ na daidaitacciyar Hausa da takwaransa na ganɗa da ake ji a karin harshen yamma, irin wanda Bernard Caron ya bayyana a nahawunsa na Hausar Adar a 1991. Wanda ke son ya zana iyakar wannan furuci ƙauye bayan ƙauye yana buƙatar saman sautin ya zo masa a wanke. Tunzuɗau /ƙ/ kuma fashewa ce ta ɗan ƙiftawa, sai gajeren shiru, sai wasali. Mona Lindau ta kwatanta na Hausa da na harshen Navajo a 1984, ta nuna cewa ko da yake littattafai na ba su alama ɗaya, ba a furta su iri ɗaya: na Hausa ya fi gajarta, kuma wasalin da ke biye yakan fara da ƙwarzanen murya. Wannan ƙwarzane na tantanin maƙwallato shi ne kuma babbar shaidar /ɓ/ da /ɗ/ da /ƴ/, kamar yadda nazarin Lindsey da Hayward da Haruna na 1992 ya bi diddigi da na'urar da ake ɗaurawa a maƙogwaro. Akwai kuma ƴar hamzar da ke rufe gajeren wasali a ƙarshen magana, wadda ke taimakawa a bambanta "gida" na suna da "gida" na bayanau. Paul Newman da Vincent van Heuven sun auna wannan a 1981. Sai ra-gare da ra-kaɗe, da rubutun yau da kullum ya haɗe su a harafi ɗaya. Dukkan waɗannan ƙananan abubuwa ne marasa ƙarfi, masu ɗan gajeren rai, kuma su ne farkon abin da ke nutsewa idan wani yanki na sauti ya yi wa sauran danniya.

A nan ne daɗi da gaskiya ke rabuwa hanya. Yawancin hedifon da aka yi don kasuwa an ƙara musu nauyin ƙasa, dum-dum ɗin ganga, saboda shi mutane ke so. Binciken da Sean Olive da Todd Welti suka yi a kamfanin Harman tun daga wajen 2012 ya tabbatar da cewa mafi yawan masu sauraro sun fi son a ɗan ɗaga ƙasan. Babu laifi a son haka. Kalangu da ganga sun fi armashi da nauyinsu. Matsalar ita ce sauti mai ƙarfi na ƙasa yana rufe raunanan sautukan da ke samansa fiye da yadda na sama ke rufe na ƙasa, halin kunne ne tun asali. Hedifon da ke kumbura zizar /b/ yana iya sa ɗalibi ya yi shakkar ko haɗiyau ya ji. Wanda kuma aka ƙara wa kaifi a wajen 6,000 zuwa 8,000 Hz, don a ji kamar yana fito da komai dalla-dalla, yakan sa kowane /s/ ya zama kamar an matse shi, ya gajiyar da kunne kafin azahar. Abin da mai rubuta magana ke nema shi ne hedifon maras son kai, ko da a ranar farko ya ji shi lami kamar tuwo ba miya. Shi ya sa gidajen rediyo da masu ɗaukar sauti suka daɗe suna riƙe da irin su Sony MDR-7506, wanda ke kasuwa tun 1991, ko da shi ma yana da ɗan kaifinsa, masu son kiɗa kuma har yau suke auna sababbin kaya da Sennheiser HD 600 na 1997. Wanda ya riga ya sayi mai son kai bai yi asara ba: akwai manhajojin daidaita sauti na kyauta, irin su Equalizer APO a kwamfuta, da ma'aunai da aka wallafa na ɗaruruwan samfura, waɗanda za su rage ƙarin da aka yi. Gyaran minti goma ne, kuma tasirinsa ya ninka na kowace waya mai tsada.

Batun wayoyin ma bai kai a daɗe a kansa ba. Wayar tagulla mai lafiya, mai tsawon mita biyu, tana kai saƙo yadda ya kamata. A sake ta idan ta tsinke. Fayiloli masu manyan lambobi ma kusan haka ne wajen sauraro. Ma'aunin faifan CD, 44,100 a sakan, yana ɗaukar sauti har 22,050 Hz, sama da inda kunne ya tsaya. A gwajin da Meyer da Moran suka wallafa a 2007, masu sauraro sun canki daidai sau 276 cikin 554 tsakanin ma'aunin CD da wanda ya fi shi, wato daidai da jefa kwabo. Joshua Reiss ya tattara gwaje-gwaje da dama a 2016 ya sami ɗan bambanci, kashi 52 da ɗoriya cikin 100, wanda ke ƙaruwa ga waɗanda aka horar. Ko an karɓi wannan, tazarar ba ta kai ta sauya harafi ɗaya a kundin kowa ba. Wajen ɗauka da adanawa ne manyan lambobin ke da hujja, kuma ma'ajiyoyin sauti na duniya suna neman aƙalla 48,000 a sakan da bit 24.

Inda ake tafka asara ta gaske shi ne kafin sautin ya iso hedifon. Hanyar da ta zama ruwan dare ita ce a ɗauki hira da salula, ko a roƙi wani ɗan'uwa a ƙauye ya ɗauko ya turo ta WhatsApp. Saƙon murya na WhatsApp yana bi ta tsarin matsewa mai suna Opus, wanda aka tsara don magana ta isa a fahimce ta da ƴan bayanai kaɗan, kuma yana yin wannan aiki da kyau ƙwarai. Amma fahimta daban, furuci daban. Duk tsarin matsewa irin wannan, har da MP3 da aka ƙirƙiro a cibiyar Fraunhofer ta Jamus, yana aiki ne da zubar da abin da ya yi hasashen kunne ba zai yi kewarsa ba, kuma abin da ya zubar ya tafi ke nan. Kafin ma a zo ga matsewa, salular kanta takan sa hannu: tana rage hayaniya, tana ɗaga murya idan ta yi ƙasa tana danne ta idan ta yi sama. Wutsiyar kalma, inda murya ke mutuwa kuma hamzar nan take zaune, ita ce wurin da na'urar ta fi ɗauka a matsayin hayaniya. Ɗalibin da ya saurari irin wannan fayil da hedifon na jaka ɗari biyu zai ji, a sarari kuma babu ƙura, abin da manhajar ta bar masa. In ya rubuta cewa tsofaffin wani gari sun daina rufe gajeren wasali da hamza, mai yiwuwa tarihin salula ya rubuta, ba na Hausa ba, kuma wani zai zo bayan shekara goma ya kafa hujja da shi.

Maganin ba shi da tsada kamar yadda ake tsoro. A ɗauka a tsarin WAV, wanda ba ya zubar da komai. Akwai manhajojin salula da ke yin haka, ƙaramar na'urar ɗaukar sauti irin ta Zoom ko Tascam kuma ta fi. A kusantar da makirfo ga bakin mai magana, domin duk ninkin tazara yana rage ƙarfin murya da desibel 6 alhali kukan awaki da dakan maƙwabta suna nan yadda suke. In dole a tura ta WhatsApp, a tura a matsayin takarda, domin ta haka fayil ɗin ke isa yadda yake. Gaskiya ne awa guda ta WAV ta haura megabait 300, kuma kuɗin intanet ba wasa ba ne ga ɗalibi; katin ajiya a aljihun direban motar Maraɗi ya fi araha, kuma ba ya taɓa ko wasali ɗaya. Wanda zai raba kuɗinsa tsakanin makirfo da hedifon, ya ba makirfo babban kaso. Tsofaffin kaset irin waɗanda ke ajiye a IRSH da CELHTO a Yamai su ma suna da nasu hukuncin: hedifon mai kyau zai fito da shuuu ɗin tef fiye da da, kuma jarabar goge shi da manhaja tana da ƙarfi, amma abin da ke goge shuuu yana goge zuzau tare da shi. A yi gogen a kan kwafi.

Bluetooth ma matsewa ce ta biyu a kan ta farko, ko da yake ta yau ta inganta har yawancin mutane ba za su lura ba wajen kiɗa. Abu biyu ne ke hana shi dacewa da aikin rubuta magana. Yana da jinkiri da kan kai kashi ɗaya cikin biyar na sakan, ya fi tsawon gajeren wasali, don haka wanda ke zaɓar ɗan guntun sauti a Praat ko ELAN yana maimaitawa zai tarar wani lokaci an cinye masa farkonsa. Sannan da zarar wata manhaja ta buɗe makirfon hedifon ɗin, sai ya koma tsarin kiran waya, sautin ya ƙuntace ba tare da sanarwa ba. Waya ta fi. Haka kuma a shiga saitin kwamfuta a kashe duk abin da aka kira inganta sauti ko sautin kewaye, waɗanda sau da yawa a kunne suke tun daga shago.

Akwai kuma batun ƙarfin tuƙi, wanda ke ba masu sabon kaya kunya. Hedifon suna da juriyar lantarki daban-daban: MDR-7506 yana da om 63, HD 600 yana da 300, Beyerdynamic DT 770 Pro kuma ana sayar da shi kala uku, 32 da 80 da 250, a kwali kusan iri ɗaya. Mai om 250 ko 300 an yi shi ne don kayan situdiyo. In aka jona shi a salula ko a ramin wata kwamfutar tafi-da-gidanka, sai a ƙure maɓalli sautin bai isa ba, ko ya fara karyewa a wuraren ƙarfi. Mai shi sai ya ce bai gama buɗewa ba, ya mayar da shi aljihun tebur. Ƴar ƙaramar na'urar USB mai juya lambobi zuwa sauti da ƙara musu ƙarfi tana warware wannan, kuma ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin hedifon ɗin ba. A lura dai cewa wasu kayan da aka yi don kasuwar Turai an rage musu ƙarfi da gangan saboda dokar kare ji ta can, kuma da yawan abin da ke shigowa nan ta can yake biyowa. In kuma ana jin wani gurnani a ƙasa-ƙasa, a zare cajar kwamfuta a gani: sau da yawa 50 Hz ɗin wutar gida ne ke kutsowa, musamman in janareta ke aiki.

Yadda abin ya zauna a kai kuwa, littattafan da ke cikin kwali ba a rubuta su don watan Afrilu na Tawa ba. Hedifon rufaffe yana buƙatar matashinsa ya manne da fata ko'ina; ƙafar tabarau, gefen hula, ko ninkin ɗankwali suna buɗe ƴar kafa, nauyin ƙasa ya zube ta nan, wani lokaci a kunne ɗaya kawai. Mayafi mai kauri tsakanin kunne da tantani yana cin saman sautin, daidai inda /s/ da /ts/ suke. Ɗaliba mai aiki a ɗakin karatu tana iya sa shi ƙarƙashin mayafin, ko ta zaɓi ƙanana masu shiga cikin kunne, waɗanda nagarinsu ba su gaza manya ba. Matashin fatar roba yana ɓarewa da zufa da zafi, kuma tsohon matashi yana canza sauti sosai, don haka a tambayi ko ana samun na canji kafin a biya. Buɗaɗɗen hedifon irin HD 600 ya fi sanyi a kunne, sautinsa ya fi sakewa, amma ba ya tare komai: a ɗakin kwanan ɗalibai mai mutum huɗu da fanka da kabu-kabu a bakin taga, ingancinsa na banza ne. Mai kashe hayaniya da lantarki yana iya wa gurnanin fanka da na inji, ba ya iya wa hirar maƙwabci sosai.

Hayaniyar ce ke kai mutum ga babban haɗari, wato ƙara sauti. Tun 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson suka nuna cewa kunne ba ya jin ƙasa da sama sosai in sauti ya yi rauni, sai an ɗaga shi suke cikowa. Shi ya sa duk abin da ya fi ƙarfi da ɗan kaɗan ake jin ya fi kyau, kuma shi ya sa kwatanta hedifon biyu ba tare da daidaita ƙarfinsu ba wasan yara ne. Hedifon mai kyau ya fi haɗari a nan, domin ba ya karyewa ya gargaɗi mai shi kamar na arha. Yana tafiya sumul har inda ake cutuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar babba a desibel 80 na awa 40 a mako, a desibel 90 kuwa awa 4 kacal, kuma ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗari saboda yadda suke sauraro. Mai rubuta hira yakan yi awa 40 ɗin nan kafin Juma'a. Ƙwayoyin gashin da ke can cikin kunne kimanin 15,000 ne a kowane gefe, wanda ya mutu ba ya tsirowa, kuma ɓarnar hayaniya takan fara ne a wajen 4,000 Hz, bakin ƙofar zuzau. Ɗan furucin da ya ƙone wannan yanki yana da shekara 28 zai ci gaba da jin hira lafiya lau, ba zai san ya yi rashi ba, sai dai rubutunsa ya riƙa saɓawa da na ɗalibansa. In kalma ta ƙi jiyuwa, maimaita ta sau biyar a hankali ya fi ɗaga ta sau ɗaya. Ƙarar da ke saura a kunne bayan an cire hedifon alama ce an wuce gona da iri.

Wani zai ce duk wannan wahalar ta mece ce, tunda Praat, wanda Paul Boersma da David Weenink na Jami'ar Amsterdam suka bayar kyauta, yana nuna wa ido abin da kunne ya kasa. Akwai gaskiya a ciki, kuma ido shaida ne mai kyau a kan kunnen da ke ƙirƙira. Amma hoton da manhajar ke buɗewa da shi yana tsayawa a 5,000 Hz sai an faɗaɗa shi da hannu, layin karin sautin da take zanawa kuma yakan rikice daidai wurin ƙwarzanen murya, ya yi tsalle ko ya yanke, wato a kan /ɓ/ da /ɗ/ da /ƙ/. Kunne ne ke cewa layin ya yi ƙarya. Wani kuma zai tuna cewa Bargery ya fitar da ƙamusunsa a 1934, da alamun karin sauti, babu hedifon ko ɗaya. Haka ne, amma yana da mai magana zaune a gabansa da zai ce wa ya maimaita. Ɗalibin yau sau da yawa fayil kawai gare shi, tsohuwar da ta yi maganar tana nisan kilomita 400, wataƙila ma ta riga mu gidan gaskiya.

Abin da ya rage a hannun sassan kimiyyar harshe ne. Kundaye da yawa suna bayyana shekarun masu ba da bayani da garuruwansu da sana'o'insu, sannan su yi shiru game da na'urar da aka ɗauka da ita, tsarin fayil ɗin, ko ya bi ta WhatsApp, da abin da aka saurara da shi. Layi uku sun isa a faɗi wannan a babin hanyoyin bincike, kuma mai duba kundi yana da haƙƙin ya tambaya. Ƴar mahaɗa mai baki biyu, wadda ake samu a kowace kasuwar salula, tana ba mutum biyu damar sauraron fayil ɗaya lokaci guda. A zaɓi minti goma daga cikin hirar, kowa ya rubuta nasa ba tare da leƙen na ɗan'uwansa ba, zai fi kyau in ɗaya ɗan yankin ne ɗayan kuma baƙo, sannan a ƙirga wuraren da suka saɓa a sa adadin a cikin kundin.